Furfura ta sa aka sallame ni aiki a Amurka, na kai ƙara, kuɗin kotu ya dawo kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ko in rubuta ko in bari, dan mutumin da ya haura sittin ba ya son baje sirrin gidansa a intanet, amma mutanenmu dake aiki a ƙasar nan suna ta manyanta, da yawa mun shigo ne da ƙarfinmu yanzu gashi furfura ta cika kai, kuma abinda ya sameni yana jiran wasu a gaba. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ba zan ambaci sunan kamfani ba, ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma ni ba lauya bane, abinda ya faru dani kawai zan faɗa.

An haifeni a Zariya a 1961. Mahaifina Allah ya jiƙansa gyaran rediyo da fanka yake yi, tun ina firamare in an taso makaranta shagonsa nake wucewa ina riƙe masa dalma yana liƙi, daga nan son aikin lantarki ya shigeni har na je Kadpoly na karanta shi. Na samu aiki a wata masaƙa a Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke da rai, in aka tashi aiki titi ya cika maƙil da ma'aikata kan kekuna. A masaƙar nan in inji ya gagari kowa, wani dattijo ake aikawa a kira, ya zo ya tsaya ya saurara, ya ce a kwance nan, kuma nan ɗin ne. A haka na taso, na san daɗewa a kan aiki daraja ce.

Da masaƙu suka fara durƙushewa, ba wuta, baƙin mai yayi tsada, ga atamfar waje ta cika kasuwa, sai albashi ya fara zuwa da tsallake. Wani abokina ne ya matsa min na cike takardar lotiri ta bizar Amurka, Allah da ikonsa na ci shi bai ci ba. A 1998 na sauka Atlanta a jihar Jojiya, iyali suka biyo baya. Nayi gadi, nayi wankin mota, kafin Allah ya haɗani da aikin hannuna a wani babban sito kusa da filin jirgi, inda ake tara kaya ana rarrabawa shaguna. Aikina kula da bel ɗin da ke jan kwalaye da injinan da ke juya shi, yawanci dutin dare. Bel ɗin nan in ya tsaya na minti goma manyan motoci sun jeru a waje kowa na ihu, dan haka ba a wasa damu. Ni kuwa da kunne nake aiki, ina tafiya a ƙarƙashin bel zan ji boris ya canza kuka, in sa hannu a jikin injin inji zafinsa, in rubuta a canza shi kafin ya kashe mana dare. Yara nawa suka zo basu san kan mita ba na koya musu, wasu har suka zama sufabaiza a wasu wurare. Da aikin nan na yi wa yara karatu, na ɗauki bashin gida, na sauke farali, na rufa wa 'yan uwa asiri a gida gwargwadon hali. Kusan shekara ashirin ba a taɓa bani takardar gargaɗi ba.

Abin ya fara canzawa ne da aka sayar da kamfanin aka kawo sababbin manajoji. Wanda aka ɗora a kanmu sa'an ɗana na fari ne, kuma wallahi ban ji komai ba dan wannan, shugabanci na Allah ne. Amma tun satin farko ya daina kiran sunana, sai dai Papa. Da farko na ɗauka girmamawa ce irin tamu, sai na lura in ya faɗa sai sauran su yi dariya. In muka haɗu a wajen shan kofi sai yace Papa yaushe zaka huta ne ka koma Afirka ka zauna da jikoki. A mitin yace kamfani na buƙatar sabon jini. Da aka kawo sabuwar kwamfutar da ke sarrafa bel aka tura mutane kos, duk matasa aka zaɓa, na je na sameshi nace ina so a sa sunana, yace kar in wahalar da kaina. Da kuɗina na sayi littafi ina kallon bidiyo a YouTube bayan asuba har na iya abin daidai gwargwado, amma da aka zo auna aikin shekara sai ga makina ya faɗo ƙasa, wai bana saurin karɓar sabon tsari.

A ƙarshen 2019 ina da shekara 58, aka kirani ofishin ma'aikata da safe bayan na gama dutin dare, ko takalmin aiki ban cire ba. Mace ɗaya da manajan nan, ga ambulan a kan tebur. Akace kamfani na rage ma'aikata, gurbina na cikin waɗanda aka soke, in bada katin shiga. Mai gadin da muka shekara muna gaisawa shi aka sa ya rakani har mota, yana tafiya kansa a ƙasa. Na zauna a motar na kasa tada ita. Abinda ya tsaya min a rai a lokacin shine me zan ce wa uwargida, ga ta da ciwon suga, inshorar lafiyarmu kuma ta wurin aikin ce.

Ku sani a Jojiya, da ma kusan duk Amurka, mai kamfani na iya sallamarka ranar da ya ga dama ba sai ya baka dalili ba, sai dai in dalilin na cikin waɗanda doka ta hana, kaman launin fata, addini, jinsi, asalin ƙasa, nakasa, ko shekaru. Ta shekaru dokar tarayya ce ta 1967 da ake kira ADEA, tana kare wanda ya kai 40 zuwa sama a kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye. Mu da muka fito daga inda banki zai buga talla ƙarara yace kar wanda ya wuce 27 ya nema, mutane na zuwa kotu suna rantsuwar rage shekaru dan su samu shiga, jin cewa akwai irin wannan dokar kaɗai sai da ya sa naji wani sanyi.

A cikin ambulan ɗin akwai tayin kuɗin sallama, albashin 'yan watanni, da sharaɗin in sa hannu na yafe duk wata ƙara. Saboda wata doka ta 1990, in rukuni aka sallama dole su baka kwana 45 ka yi tunani, in mutum ɗaya ne kwana 21, kuma ko ka sa hannu kana da kwana 7 da zaka iya janyewa. Sannan in rukuni ne dole su haɗa maka da wata takarda mai jerin muƙamai da shekarun waɗanda aka sallama da waɗanda aka bari, ba suna sai lamba. Wannan takardar ce ta hanani barci. Na shimfiɗa ta a teburin cin abinci na ɗauki biro ina bin layi, a sashenmu ɓangaren waɗanda aka sallama 61, 58, 57, 63, sai guda ɗaya tal ɗan talatin da wani abu, shi kuma kowa ya san dama yana shirin tafiya. Ɓangaren waɗanda aka bari kuwa ashirin da kaza, talatin da kaza har ƙasa. Duk lambar da na gani na san mai ita, na san fuskarsa, wasu ni na koya musu riƙe sukundireba. Bayan 'yan makonni ɗaya daga cikin yaran ya turo min hoton talla, suna neman ma'aikaci a sashen namu, sunan muƙamin kawai aka canza.

Gida ya rabu biyu. Uwargida tace Alhaji ka karɓi abinda suka baka mu lallaɓa, ƙasar mutane ce, su ke da kuɗi su ke da lauyoyi. Yayana a Zariya ya kira yace ka barwa Allah, arziki ba a hannunsu yake ba. 'Yata ta biyu kuwa, wadda aka haifa a nan, cewa tayi Abba in kowa ya sa hannu yayi shiru haka zasu yi wa na bayanku. Na je na samu limaminmu bayan sallar isha na kwashe komai na faɗa masa, yace neman haƙƙi ba rashin tawakkali bane, kuma haƙuri ba laifi bane, in yi istihara in duba ƙarfina. Sauran dattawa ukun da aka sallama tare dani duk suka sa hannu, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, ɗayansu matarsa na jinyar ciwon daji. Ni dai duk sanda na ɗauki biro sai in tuna makin nan da aka rubuta min na ƙarya dan a samu hanyar fitar dani, sai hannuna ya ƙi. Kwana 45 suka cika ban sa hannu ba, kuɗin sallama ya wuce.

Kafin kotu sai ka fara kai koke hukumar EEOC, wato hukumar tarayya mai karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki, kuma nan ba a biyan ko sisi. Amma akwai wa'adi, a Jojiya kwana 180 ne daga ranar da aka sanar da kai, a jihohin da ke da tasu hukumar kaman New York yana kaiwa 300. In ya wuce ya wuce, duk gaskiyarka. Na shigar a farkon 2020, sai ga korona ta rufe duniya. Ina zaune a gida da kuɗin rashin aiki na jiha, ina biyan inshorar COBRA da ke barinka ka ci gaba da ta tsohon wurin aiki har wata 18 amma kai zaka biya duka, kuɗin ya kusa na bashin gida. Ina neman aiki ta intanet, a waya ana murna da gogewata, in aka kunna kyamara aka ga fuskata sai murya ta canza. Daga baya hukumar ta aiko da takardar izinin zuwa kotu, ita ma da nata wa'adin na kwana 90.

Lauyoyi da dama sun ƙi karɓa. Wadda ta karɓa dattijuwa ce mai faɗin gaskiya, kuma tun zaman farko ta zayyana min maganar kuɗi, ina so ku karanta nan a hankali dan nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Kuɗi iri biyu ne a shari'a, akwai ladan lauya, akwai kuɗin ɗawainiyar shari'ar kanta. Ladan lauya a tsarin Amurka kowa shi ke biyan nasa, ko ya ci ko ya faɗi, sai inda doka ta ce ba haka ba. A dokar shekaru in ma'aikaci ya ci, kamfani ne zai biya lauyansa, in kuma kamfani ya ci ba a ɗora wa ma'aikaci ladan lauyoyin kamfani sai in an tabbatar da mugun nufi ya kawo ƙarar. Ita lauyata ba ta karɓi komai a gaba ba, yarjejeniyarmu kashi 40 cikin 100 na abinda aka samu, in ba a samu ba ta tashi a tutar babu. To wannan ne mutane ke ji su ce ai shari'a kyauta ce. Amma kuɗin ɗawainiya daban ne, kuɗin shigar da ƙara wanda a lokacin dala 400 ne, kuɗin mai buga duk maganar da aka yi a zaman tambayoyi wanda shafi shafi ake biya, kuɗin bidiyo, kwafin takardu, kai sammaci, da dala 40 ta kowane shaida a rana. Nawa ni zan biya ana tafiya, sannan a kotun tarayya ƙa'ida ta 54 tace wanda ya ci shari'a, wanda ya faɗi ne zai mayar masa da irin waɗannan kuɗaɗen. Tace min in muka faɗi zasu iya kawo maka nasu lissafin, ka ji? Nace naji.

Ta kuma gaya min dokar shekaru tafi sauran wuyar ci. A 2009 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum Jack Gross daga jihar Iowa, wanda aka rage wa muƙami yana da shekara 54, juri, wato mutanen gari da kotu ke zaunarwa su auna hujja, ta fara bashi gaskiya amma alƙalai 5 cikin 9 suka ce bai isa ka nuna shekaru na cikin dalilai ba, sai ka tabbatar ba dan shekarun ba da ba a taɓa ka ba. Tun 1993 ma kotun ta riga ta raba tsakanin shekarun haihuwa da daɗewa a aiki, wato in dan ka daɗe ne ko fanshonka ya kusa nuna aka cire ka, wannan kaɗai ba lallai ya zama laifi a ƙarƙashin wannan dokar ba. Kuma ko ka ci, babu diyyar ɓacin rai a cikinta, albashin da ka rasa ne, a ninka shi in an nuna da gangan suka karya doka. Duk naji, na sa hannu, dan ina ganin takardar lambobin nan ko makaho aka karanta wa zai gane.

A 2021 aka yi zaman tambayoyi ta Zoom, ƙarƙashin rantsuwa. Ƙa'ida ta basu har awa 7 a yini ɗaya kuma sai da suka kusa cinye ta. Ina zaune a ofishin lauyata da babbar riga, lauyan kamfani na jero tambaya cikin ladabi, mace na gefe tana buga duk kalmar da ta fito bakina har da tari. Ya tambayeni ko an taɓa cewa an koreni dan tsufa, nace ba a faɗa da baki ba. Ya tambayeni ko ni da kaina ban taɓa ce wa yaran ni babansu bane, nace na sha faɗa, a wurinmu haka ake yi. Ya ɗauko wani imel da na taɓa aikawa ina neman a taimaka min da sabuwar kwamfutar ya karanta shi da ƙarfi, abinda na rubuta dan in koya shi aka juya ya zama shaidar ban iya ba. Da aka bada hutu na shiga wani ɗaki nayi azahar, a sujada hawaye suka zubo min, rabona da kuka tun rasuwar mahaifiyata. Manajan nan shi ma aka yi masa nasa zaman, yace Papa ƙauna ce, maganar ritaya hira ce, sabon jini kuma sababbin dabaru yake nufi. Kowane shafi na wannan maganar tasa sai da na biya kuɗin buga shi. Daga asusun fanshona na 401k nake cirowa, Allah ya taimaka wanda ya bar aiki yana da 55 zuwa sama ba a cin tararsa ta kashi 10 ta cire kuɗi da wuri a asusun wannan wurin aikin, amma haraji sai da aka cire.

Ni duk tsammanina za a kai ranar da zan tsaya gaban juri in faɗi abinda ya faru da bakina. Ba a kai ba. Kamfani ya nemi alƙali ya yanke hukunci a kan takardu kawai, wai babu abinda ya rage da juri zata auna, kuma a 2022 aka amsa musu. Lauyata ta kirani ta karanta min. Kalaman manaja akace maganganu ne na gefe da ba a nuna alaƙarsu da shawarar sallama ba, lambobin akace sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, sannan akace kotu ba ofishin ma'aikata bace da zata duba ko shawarar kamfani tayi kyau ko bata yi ba, mai kamfani na iya sallama da dalili mai kyau ko maras kyau ko ma bisa kuskure, in dai ba dalilin da doka ta hana bane. Bana zargin alƙali, abinda manyan kotuna suka shimfiɗa shi ya bi. Amma ranar na gane abinda Bahaushe ke nufi da shari'a saɓanin hankali.

Ashe tsugune bata ƙare ba. Ba a yi wata ba sai ga lissafin kamfani, dala dubu 6 da ɗoriya, an jera shi layi layi da rasit. Layin farko kuɗin buga tambayoyin da aka yi min ne, na biyu kuɗin bidiyon fuskata ina amsawa. Wato yinin nan da aka zaunar dani aka juya maganata har nayi kuka a sujada, ni zan biya kuɗinsa. Na sani, an gaya min tun farko, amma ji a ofishin lauya daban, ganin sunanka a saman takarda da adadi a ƙasa daban. Kaman a doke ka ne a hana ka kuka sannan a miƙo maka lissafin sandar. A wajen kamfanin da ke juya miliyoyi wannan kuɗin ko na kofin ofis bai kai ba, a wajena kuwa lokacin ina ɗan aikin gyare gyare a gidajen haya, maganin uwargida ne na wata da watanni.

Na tambayi lauyata ko alƙali zai iya yafewa tunda bani da hali. Tace a yankinmu akwai hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na shekarar 2000, shari'ar Chapman, shi ma dattijo ne da ya kai ƙarar shekaru, inda akace alƙali na iya duba talaucin wanda ya faɗi in ya ga dama, amma sai an kawo hujja mai ƙarfi ta cewa da gaske ba zai iya biya ba, kuma ko an duba sai dai a rage, ba a sharewa gaba ɗaya. Hujja kuwa na nufin takardun banki, bashin gida, kuɗin magani, harma abinda nake aikawa gida, duk a zuba a fayil ɗin kotu. Mutumin da ya rayu yana roƙon Allah rufin asiri, yau ace ya rubuta da hannunsa cewa bashi da shi. Na fara tara takardun a kwali ina ji kaman ana tuɓe min riga a kasuwa. Wani ɗan ƙanwata dake California yake gaya min can tun 2015 kotun ƙolin jiharsu tace a ƙarƙashin dokar jihar ba a ɗora wa ma'aikacin da ya faɗi kuɗin kamfani sai in ƙarar tasa ta banza ce tun asali. Ƙasa ɗaya, amma inda kake zaune da kotun da ka shiga su ke yanke wanda zai biya, kuma mu a Jojiya hanyar tarayya ce kawai a gabanmu.

Ana cikin haka lauyan kamfani ya aiko da tayi, in na yarda ba zan ɗaukaka ƙara ba su kuma zasu janye lissafinsu, kowa ya kama gabansa. Lauyata tace haka ake yawan yi, shi yasa ma suke saurin kawo lissafin. Kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kuɗin shigarwa a lokacin dala 505, ga wata shekara ko fiye ta jira, in aka sake faɗuwa kuma lissafi ya ƙaru. Ta gaya min tsakani da Allah tana ganin akwai abin faɗa a sama amma ba zata ce min damar na da yawa ba.

Waɗannan makonnin sun fi ranar sallama nauyi a wurina. 'Yata ta zo gida da takardar banki tace Abba ga ajiyata, ni zan biya, kar ka bari su saye bakinka da dala dubu 6. Kuɗin da take tarawa ne na karatun digiri na biyu. Uwargida bata ce komai a gabanta ba, sai da dare tace Alhaji shekara uku kenan baka yi barci mai kyau ba, hawan jininka ya ƙi sauka, ni kai nake so ba hukunci ba. Na sake yin istihara. Abinda na kasa haɗiyewa shine in ɗauki karatun yarinya in zuba a shari'ar da masu ita suka ce da wuya, dan in huce haushina. Na kira lauyata nace ta karɓi tayin. Da na je sa hannu ta riƙe hannuna da hannu biyu tace tayi imani da abinda na faɗa tun ranar farko, ita ma shekara biyu tayi aiki bata samu ko dala ɗaya ba.

Ga wanda ambulan irin wannan ya iso hannunsa, kar ka sa hannu a ranar, kwanakin nan haƙƙinka ne, ka kai wa lauyan ƙwadago ya duba, da yawa zaman farko basa karɓar kuɗi, kuma sau da yawa lauya na iya sa a ƙara kuɗin sallamar ba tare da an je kotu ba. Tun kana aiki duk maganar da aka faɗa maka kan shekarunka ka rubuta rana da wanda ke wurin, ka aika koke a rubuce ofishin ma'aikata ka ajiye kwafi, dan a kotu abinda ke kan takarda shi ke magana. In kuma zaka shiga shari'a ka sa lauya ya rubuta maka a yarjejeniya wa zai biya ɗawainiya ana tafiya, nawa yake hasashen zata kai, kuma in aka faɗi nawa kamfani zai iya nema a kanka, sannan ka zauna da iyalinka ku kalli adadin nan tare kafin ka ce bismillah. Ban ce kar a kai ƙara ba, akwai waɗanda suka ci, akwai da yawa da aka yi sulhu dasu tun kafin hukunci, kuma dan ana kaiwa ne kamfanoni ke ɗan jin tsoro.

Yanzu ina da 64, ina aikin gyaran lantarki da na'urar sanyaya ɗaki a wasu gidajen haya, albashin bai kai rabin na da ba amma mai wurin sunana yake kira. Gidan bai salwanta ba alhamdulillah, asusun fansho ne dai ya rame sosai. Ina jiran 65 in shiga Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, kuɗin tsufa na gwamnati kuma ina so in daure har 67, dan wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama in ya fara karɓa a 62 ana yanke masa kashi 30 har ƙarshen rayuwa. Cikin mu huɗun nan ɗaya ya koma jiharsu wurin 'ya'yansa, ɗaya na tuƙin Uber, ɗayan mun daina jin ɗuriyarsa tun bayan rasuwar matarsa. 'Yata ta gama digirinta na biyu bara. Har yau in maganar ta taso cewa take da mun ɗaukaka ƙara, ni kuma ince mata da kuɗin wa, sai mahaifiyarta ta shiga tsakani tace a bar zancen haka nan abinci na hucewa.